Sai Jininki Ya Sauka

Tun da aka rufe rediyo da shafukan zumunta saboda labarai sun yi wa mutane yawa, saƙo ɗaya tak ke shigowa wayar kowa da safe, ɗauke da abin da ya shafe shi kaɗai. Na Tabawa kullum da layi guda yake ƙarewa: "Ɗanki Mudan yana kan hanya lafiya." Mudan direban tirela ne.

Yau babu layin. A gurbinsa an rubuta: "Sauran labarinki zai zo idan jininki ya sauka."

Ta dubi agogon awon jini da ke hannunta, ta zari mayafi ta fita sayen nama. Ɗan'azumi mahauci, sarkin tsokana, ya ƙulle mata naman bai ko ɗago kai ba.

"Ɗan'azumi, me naka saƙon ya ce yau?"

"Farashin shanu ne kawai, Inna. Ki gaida gida." Ya miƙa mata ƙullin ya juya baya.

Da ta dawo, ta tarar da maƙwabciyarta Lantana tana share mata ƙofar gida, ga tabarmi jingine da bango.

"Lantana, tabarmin nan fa?"

"Shanya su zan yi, Yaya. Don Allah shiga ki kwanta."

Tabawa ta shige ɗaki ta zauna bakin gado, waya a cinya, tana jan numfashi a hankali ko jinin zai sauka. A waje ta ji an fara shimfiɗa tabarmin. Lambar da ke agogon kuwa sai hawa take yi.