Ƙafa ta Uku

Tumatirin wani manomi na bushewa a gonarsa da ke garin Fayyum, injin ban-ruwa kuwa ba ya tashi sai baƙo ya danna ƙararrawar ƙofa. Abin ya ɗaure masa kai, ya kira 'yarsa injiniya a waya, wadda ta haɗa masa na'urar da ke sarrafa injin da ƙararrawar.

"Baba, ƙafa ta uku na saita ta riƙa tura wa injin wuta. Can ka ɗaura wayarsa?"

"Ke, ni za ki koya wa ƙirga?" Ya ƙura wa 'yar baƙar na'urar ido, ƙafafunta jere kamar haƙoran mataji. "Ɗaya, biyu, uku."

"Daga wane gefe ka fara?"

"Daga dama mana, da bisimillah!"

Ta ce, "Baba, wanda ya ƙera ta daga hagu yake karatu."