Ranar da aka wanke injin Alhaji Kolo

Mahamman, Saudatu, Mairamu, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurare ni, kuma kada wanda ya katse ni. Kun tashi kuna ƙin gaida baffanku Dauda, alhali ba wanda ya taɓa faɗa muku yadda abin ya faru daki-daki.

Wata Juma'a ce cikin zafin bazara, farkon zamanin Shugaba Ahijo a nan Kamaru. Ubanku Idrisa ya dawo daga Maruwa da Pijo 404 ta Alhaji Kolo, dillalin shanu, wanda ya yi wa tuƙi shekara huɗu. Tun daga Figil motar ke tari. Da suka iso ƙofar gidanmu a Garwa, Alhaji ya ce a ɗaga kapo, wato murfin inji, ya gani. Farar ƙasar hanya ta haɗu da baƙin mai, ta kwanta a kan inji kamar an yaɓa laka.

"Kai Idrisa, wannan inji ne ko gindin tukunya?" in ji Alhaji. "Wanda ke yawo da wannan ƙazanta, anya a gidansa ana wanke kwano kuwa?"

Da ƙarfi ya faɗa, har cikin gida an ji. Dauda ƙanen ubanku, mahauci, yana tsaye da farantin nama, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Yaya, bar mini shi. Ni da ke wanke tumbin sa kullum, wannan mene ne?"

Idrisa ya haɗiye fushinsa. Ba wai bai iya wankin inji ba ne. Ƙa'idarsa, sai ƙarfe ya huce sarai, ya ɗaure delko, mai raba wa inji wuta, da tsumma don kada danshi ya taɓa wuta, sannan ya bi lungu-lungu da gasuwal, wato man dizal, da ɗan buroshi. Ruwa kam ba ya kusantar wurin. Ya shigar da motar shingen kara na bayan gida, ya bar kapo a buɗe ta sha iska, ya yi alwala ya tafi masallaci.

Bai ga Dauda a sahu ba sai a raka'a ta biyu. Dauda ya shigo a guje, hannuwan rigarsa a jiƙe.

Da ubanku ya dawo, tun daga bakin shinge ya hango ƙyalli. Inji ya yi fes, har rana tana kashe ido a kansa. An goge kowane ƙarfe, an bi kowace waya, ko ranar da aka sauke motar daga jirgi ba ta yi wannan kyau ba. Sai ya leƙa ƙarƙashin motar. Ƙasa a jiƙe take sharkaf. Ya shafa yatsa a gefen inji, ya ɗago da toka da rairayin kogin Binuwai.

Ya murza makulli, shiru. Ya sake, ya sake, har gumi ya jiƙa hularsa. Ya shiga gida neman ruwan sha, ya tarar randa ba ko ɗigo. Uwarku tana ɗaki ta ƙunsa lalle hannu biyu, ta ce masa abinci zai yi jinkiri. Ko kallonta bai yi ba, ya fita neman bakanike.

Alphonse, mutumin kudu mai gareji kusa da kasuwa, ya zo ya busar da delko, motar ta tashi. Sai farin hayaƙi ya turnuƙe shingen, ruwa yana tsiyaya ta inda ruwa ba ya bi. Ya kashe ta, ya girgiza kai.

"Patoro, maigida, kan inji ya tsage. An sheƙa masa ruwan sanyi yana cikin zafinsa. Wannan ai wankin girki aka yi masa."

Idrisa bai tsaya jin saura ba. Ya iske Dauda a rumfar mahauta, ya ci kwalarsa a gaban jama'a.

"Wallahi Yaya, wasa nake yi ɗazu! Daga kwata na fito, jini na wanke a hannuna!"

Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Ubanku ya ce kada ya ƙara rantsuwar ƙarya a kan ɓarna.

Kafin magariba Alhaji ya karɓe makullinsa. Labari ya zaga tasha cewa Idrisa ya kashe inji sabo, kuma ba wanda ya sake damƙa masa sitiyari. Mutumin da ya san kowane rami daga nan zuwa Maruwa ya koma dakon auduga a bakin kogi. Dauda ya tattara wuƙaƙensa ya koma Bogo. Sau uku yana aiko dattawa, sau uku ana korarsu.

Shekara goma sha bakwai ke nan. Bara, da ubanku ya rasu, Dauda ya zo gaisuwa, kai Mahamman ka ƙi miƙa masa hannu, ina kallo ta ƙofar ɗaki.

Jiya aka aiko cewa yana kwance, ba ya gane mutane sai da safe. To, ku shiga motar asuba ku tafi Bogo, ku ukun. Ku durƙusa ku nemi gafararsa, ku nema wa ubanku, ku kashe maganar nan tun yana iya ji. Abin da za ku yi da ni uwarku kuma, ku yanke a tsakaninku.

Lallen da na ƙunsa ran Juma'ar nan ba na kwalliya ba ne, baƙin mai ne ya ƙi fita daga farcena.