Atishawar Maigida

Tana cikin layin karɓar bargo a sansanin 'yan gudun hijira sai ta ji atishawar. Uku a jere, ta ƙarshen kamar an yar da buhu daga kan mota.

Shekara ashirin tana mita a kan atishawar nan ta mijinta: ta tada jariri, ta watsa kaji, ta kunyata ta gaban baƙi. Atishawar ce kuma ta raba su ranar da yaƙi ya ci garinsu. Suna ɓoye da yara ƙarƙashin tamfol a bayan babbar mota, gab da shingen mayaƙa, sai ya dafe hanci.

"In na zauna zan tona mana asiri," ya ce. Ya dira, ya faɗa daji.

Wata huɗu babu labarinsa.

Ta bar layin, ta ratsa tantuna a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ga shi tsugune bakin famfo, lulluɓe da bargo mai ƙura, duk ya rame.

Ya miƙe. "Maman yara, yi haƙuri, bargon nan ne..."

"Maigida," ta ce, tana dariya, hawaye na zuba, "ƙara ɗaya. Da ƙarfi, yara su ji."