Mai Baƙin Tabarau a Bencin Baya

Ranar Alhamis bencin baya babu kowa. A karon farko cikin makon, Sylvanus ya ji numfashinsa ya sauka har ciki.

Tun Litinin mutumin yake zuwa. Dogo ne, mai baƙin tabarau da kayan safari ruwan toka, ba biro ba takarda. Yakan bari sai ma'aikatan masaƙa sun cika ajin yamma na harabar cocin Kudenda, inda Sylvanus ke koya musu Turanci tun da ya gama jami'a, sannan ya shigo ya zauna a baya. Ba ya gaida kowa. In ya fita, ƙamshin busasshiyar citta kawai yake bari.

Jiya mai gidan hayarsu, Mama Dorcas, ta ja Sylvanus bayan kicin.

"Ɗana, wani mai tabarau ya zo. Wai kana shan burkutu? Su wa ke zuwa wurinka? Ƙarfe nawa kake dawowa? Har sunan babanka da garinku sai da ya tambaya. Ya ce kar in gaya maka."

Shekarar 1985 ce, mulki na hannun soja. Samuel, abokinsa da suka yi ƙungiyar ɗalibai tare, da irin waɗannan tambayoyin aka fara masa. Kafin Ista aka sa shi a mota, har yau shiru. Budurwar Samuel ma ba ta tsira ba, an tafi da ita an yi ta yi mata tambayoyi, ta dawo ba ta iya haɗa ido da mutane.

Shi ya sa Sylvanus bai faɗa wa tasa budurwar, Eunice, komai ba. Ita kuwa kwanakin nan sai murmushi take yi. Ranar Lahadi bayan sujada a coci ma cewa ta yi, "Ka riƙa goge takalminka a satin nan, ka ji?" Takalmi! Shi ta ransa yake yi.

Amma yau benci fayau. Ya ɗauki alli da ƙarfinsa, ya raba allo biyu. Hagu ya rubuta each other, dama one another.

"Mu da Hausa kalma ɗaya ta ishe mu, juna. Bature ya ce a'a, sai biyu. Tsoffin littattafai sun ce na hagu na mutum biyu ne, na dama na jama'a. Yau kuwa Turawan kansu cakuɗa su suke yi, ba wanda aka ɗaure. Amma a jarrabawa ku bi tsohuwar hanya. Wa zai ba ni misalin jama'a?"

"Mu 'yan shiftin safe muna cin bashin one another!" in ji wani daga tsakiya. Aji ya fashe da dariya.

"To na mutum biyu fa?"

"Ticha, kai da madam ɗinka ta Unguwar Boro! Sa a allo mu gani in kai namiji ne!"

Daɗi ya ɗebe shi. Ya rubuta da manyan haruffa: Sylvanus and Eunice love each other. Aka yi tafi, har da masu buga benci. Ya juyo yana dariya.

Mutumin na zaune a baya. Tabarau ɗin na kallon allo.

Allin ya faɗi daga hannun Sylvanus. Bai san yadda ya ƙarasa darasin ba. Ya sallami aji da wuri, ya kai hannu zai goge allon, sai ya ji takun takalmi a bayansa.

"Malam, dakata." Karo na farko ke nan da ya ji muryar. "Wannan Eunice ɗin, wace ce a wurinka?"

Fuskar budurwar Samuel ta faɗo masa a rai.

"Ba kowa ba ce, ranka ya daɗe. Misali ne kawai."

"Ɗalibanka sun ce ta Unguwar Boro."

"Wasa suke yi. Wata ce da muke gaisawa a coci. Babu komai tsakanina da ita, kuma ba za a taɓa yi ba."

"Ka tabbata?"

"Na rantse da Allah."

Mutumin ya ce, "To. Na ji da kunnena." Ya juya ya fita.

Ba mota a waje, ba sojoji. Duk da haka Sylvanus bai koma ɗaki ba. Ya faɗa bas zuwa Unguwar Boro, yana shirya abin da zai ce mata: ta bar gari yau, ta koma Kwoi wurin iyayenta, kar ta tsaya ɗaukar kaya.

Ƙofar gidan innarta a buɗe take. Ƙamshin citta ya tare shi tun daga bakin ƙofa, ga buhu guda an jingine a bango. A kan kujera mutumin ne zaune, ya cire tabarau, innar na ɗiga masa maganin asibiti a idon da aka yi wa aiki. Eunice na durƙushe a gabansa, fuskarta sharkaf da hawaye.

Ta ɗago ta dubi Sylvanus, ta dubi takalminsa da ya yi buɗu-buɗu da ƙura.

"Kawuna ne," ta ce. "Baba ne ya turo shi daga Kwoi ya bincika halinka a ɓoye kafin a karɓi gaisuwarku, kuma har yau da rana cewa yake a ba ka ni."