Hajiya Kulu Ta Je Ba da Haƙuri

Hajiya Kulu ta sauka daga kan mashin a bakin kasuwar Tsiga, gwiwoyinta na zafi. Gari na uku ke nan tun safe.

Masara da waken soya take sayarwa a Funtua, buhu-buhu. Bara ƙanwarta Barakatu, wadda ta yi karatun kwamfuta, ta buɗe mata shafi a intanet don 'yan kasuwar kudu su riƙa samunta ba sai ta hannun dillalai ba. Wata uku babu wanda ya leƙo.

Sai Barakatu ta zo da dabara. Za a nemi masu shafuka irin nata, su sa adireshin shafinta a nasu, ita ma ta sa nasu a nata. Wai idan Google ya ga ana ta nuna ka, sai ya ɗauka kai wani ne, ya matso da kai sama.

"To ai biki ke nan," in ji Hajiya. "Wanda ya yi maka, ka yi masa."

Bayan 'yan makonni abokan biki suka fara shigowa. Shafin Gonar Tsiga ne na farko, sai Hatsin Mahuta, sai Rumbun Bakori, har suka kai goma sha biyu. Dukkansu masu tarbiyya. Duk Juma'a Barakatu takan karanto mata gaisuwarsu, kowa na tambayar ƙafar Hajiya. Hotunan kayansu ma sun burge ta, buhunan sun sha ɗinki tsaf, irin wanda take so. Wanda ya sa sunanta sau ɗaya, sai ta ce a sa nasa sau biyu, don ba a mayar da biki daidai da yadda ya zo.

Abin ya yi amfani, ba ƙarya. Shafin ya hau, waya ta fara ƙara. Ta nan Kazeem ya same ta, haifaffen Funtua da ya koma Ibadan, ya ɗauki mota biyu cur.

Bana kuwa, daidai lokacin da masu saye ke zuwa, shafin ya nutse. A rubuta masarar Funtua, a yi ta gangarawa, babu ita. Wayar ta yi shiru. Kaya na jibge a sito, ƙwari sun fara huda buhunan ƙasa.

Kazeem ne ya duba ya kira ta.

"Mama, injin nan na Google ba ya son yi-mini-in-yi-maka idan ya yi yawa. Kina nuna su, suna nuna ki, babu ko mutum ɗaya na waje. Ya ɗauka haɗin baki ne. Ki cire su duka, ko Allah zai sa ya huce."

Barakatu ta ce minti biyar ya isa, yanzu ma sai ta yi. Hajiya ta hana. Mutanen da suka tsaya maka lokacin da ba ka da kowa, ba a share su da ɗan yatsa daga ɗaka. Sai ta je ta gaishe su, ta ba su haƙuri ido da ido. Barakatu ta ce hanya ba kyau. Ta ce rana. Ta ce a bari sai mako mai zuwa. Hajiya ta ɗauki mayafinta.

A Mahuta ta zaga layin hatsi sau biyu, babu wanda ya taɓa jin sunan. A Bakori dillalai suka yi ta miƙa ta daga wannan rumfa zuwa waccan. Yanzu ga ta a Tsiga, wani dattijo ya karɓi wayarta, ya daɗe yana kallon hoton.

"Hajiya, a nan aka haife ni. Babu mai wannan siton a garin nan."

Ta koma gida da la'asar sakaliya, ta zauna a ƙofar sito ko takalmi ba ta cire ba. Barakatu ta kawo ruwa. Hajiya ta sha, ta ajiye kofin.

"Uku ban same su ba. Saura tara. Ki rubuto mini garuruwan, gobe da Malumfashi zan fara."

Barakatu ta dubi ƙafafun da suka kumbura, ta durƙusa.

"Yaya, kada ki je. Mutum sittin na roƙa, ko ɗaya bai amsa ba, na kasa faɗa miki. Duk sha biyun nan ni na buɗe su."