Mai Ɗauka na Baya

Ina aji huɗu na firamare, muna zaune a Bwari. Wata Asabar da la'asar aka kawo wuta, na kunna talabijin na tarar da katun ɗin da nake so, wanda ake yi wa manyan mutanen dā shaƙiyanci. Ranar wani gwamnan Turawa aka zana, hanci kamar karas, yana kwance cikin raga, ƙarti huɗu na ɗauke da shi. Da ya yi atishawa sai su zube cikin taɓo, ya bi su da bulala.

Dariya nake har da birgima. Kakata tana bakin ƙofa tana feren doya. Na ɗora matashi a kafaɗa, ina tangaɗi ina kwaikwayonsu.

"Kaka, dubi wawayen nan!"

Ta ɗago ta daɗe tana kallo. Sannan ta nuna na bayan da tsinin wuƙa, ta ce da Hausarta ta Gbagyi, "Wannan aikin babana ne. Kafaɗansa bai warke ba har ya mutu."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta ce in kashe ba. Ta ci gaba da fere. Ni kuwa na ƙame da matashi a kafaɗa, na rasa yadda zan sauke shi.

Yanzu 'ya'yana na kallon irinsa, har ina taya su dariyar Baturen. Amma ranar da ƙaramar ta tambaye ni sunan baban Kaka, ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba.