Kujera Ta Biyar

Tun rasuwar mijinta ba ta taɓa tsohon teburin cin abincin ba sai ranar. Tana kankare masa fenti a tsakar gida, sai maƙwabcinsu kafinta ya yi sallama da kujerun da ta ba shi gyara.

Ta dube su. "Malam, ai huɗu na ba ka. Ni da yara uku."

"Na sani." Ya sunkuyar da kai. "Ta biyar ɗin ni na haɗa. In babu wurinta, sai in koma da ita."

Ta gane ba zancen kujera yake yi ba. Ta ci gaba da kankara. Sai ya ɗauki kujerar ya nufi ƙofa.

"Ajiye ta a gefe," ta ce, idonta na kan katako. "Sai na ji ta bakin yaran."